Gorar da Na Rataye a Ɗakin Inna

Ina buɗe jakata na ga gorar ta koma rabi.

Ruwan teku ne a ciki, kawuna direba ya ɗebo min daga Legas. Binciken kammala digirina ke nan, ina gwada ko 'ya'yan zogale za su kashe ƙwayoyin cutar da ke cikinsa. Gorar farko na ga abin da ta ƙunsa a ɗakin gwaji, ko taɓa ta ba na yi sai da safar hannu. Wannan ta biyu jiya na karɓa a tashar Bodinga, na biyo gida Mandera, na rataye ta cikin jakata a ɗakin Inna.

"Inna, wa ya taɓa wagga gora?"

"Babanki na ba, cikinshi ke murɗa. Ba ke kika ce magani kike haɗawa ba? Kuma an ce ruwan teku na wanke ciki."

Wallahi ni na faɗa mata magani nake haɗawa, don kawai na huta da dogon bayani.

Ko takalmi ban saka ba na ruga fadama. Na tarar da Baba durƙushe a bakin albasarsa yana amai.

Yanzu muna asibiti a Shagari, ana masa ƙarin ruwa. Inna sai kallona take.

Wata huɗu ina yi wa malamai bayani da Turanci, ban ba mahaifiyata minti biyar da Hausa ba.

Ku sa Baba a addu'a. Ɗalibai, mutanen gidanku sun san abin da ke jakarku?