Kekunanmu Huɗu a Bakin Tabki

Shekarar da na daina tuƙa mota zuwa Jibiya da Katsina na damƙa wa babban ɗana makulli, ita ce shekarar da jikina ya fara kai ƙarata. Na daɗe a kujerar direba, ina cin tsire da shinkafar tasha, ina korawa da shayi mai sukari kamar zuma. Tumbi ya fito, wuya ya cika. Wata Juma'a na ɗago daga ruku'u sai na ga masallaci yana juyawa, sai da na dafa kafaɗar na kusa da ni.

Washegari uwargida ta tasa ni gaba har gidan maƙwabcinmu, tsohon ma'aikacin likita da ya ajiye aiki, wanda duk Madarumfa ke kira Majo. Ya naɗa mini wani ƙyalle a damtse, ya yi ta matsa ƴar roba mai kamar ƙwai har hannuna ya yi nauyi, ya saurara, sa'an nan ya dube ni ta saman tabarau.

"Alhaji, tansiyonka sha takwas ne. Hawan jini ke nan, kuma ba ƙarami ba. Ka tafi likita su rubuta maka magani. Amma magani kaɗai ba zai yi ba. Yaushe rabonka da yin zufa?"

Na ce kullum ina zufa, ai Madarumfa muke.

"Ba zufar rana nake nufi ba. Kana da keke?"

Ina da shi. Yana jingine a bayan rumbu, kaji na kwana a kansa. Da shi na fara neman abinci ina saurayi, ina kai busasshen kifi kasuwar Ɗan Isa. Na kai shi wurin mai gyara, aka sa sabbin tayoyi, aka wanke sarƙa da kananzir, aka ɗaure birki.

Majo dama yana fita kowace safiya bayan sallar asuba, shi da wani tela na bakin kasuwa da ke fama da ciwon sukari. Na zama na uku. Ranar farko ko gidajen ƙarshe na gari ba mu wuce ba, numfashina ya ƙare. Majo ya tsayar da ni, ya kama yatsuna biyu ya ɗora su a wuyan hannuna, ƙasa da babban yatsa, ya ce in yi shiru in ƙidaya har sai ya ce in tsaya. Ni da na iya gane ciwon inji daga ƙararsa kawai, ranar na fara jin tawa zuciyar. Tana ta bugu a ƙarƙashin yatsuna kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa cikin gaggawa. Na tsorata, na kuma ji wani irin tausayinta.

"Tana gudu da yawa," in ji Majo. "Ka ba ta wata biyu, za ta koyi tafiya."

Na huɗunmu ya shigo ne don ya yi mana dariya. Taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina, ya ɗan girme ni. Garka gare shi a bakin tabki, kuma tun yana matashi yake ɗora kwandunan kabeji da salati da tumatir a bayan keke ya kai Maradi ya dawo kafin azahar. Siriri ne kamar karan dawa, ƙwaurinsa duk jijiya. Da ya gan ni ina haki a gefen hanya, sai ya sauke ƙafa ɗaya ƙasa ya ce:

"Bawana, wa ya aike ka? Ka tausaya wa keken nan mana, bai yi maka laifin komai ba."

Na ce shi ne bawana, kuma in ya isa ya zo gobe mu gwada. Ya zo. Bai sake fashi ba.

Hanyarmu ɗaya ce a farko. Daga ƙofar masallaci mu bi ta bayan kasuwa, mu gangara bakin tabki lokacin da masunta ke tura jiragensu cikin ruwa. Iska na ɗauke da ƙanshin laka da na albasar da aka yi wa ban ruwa. Itatuwa na tsaye cikin ruwa har gindi, balbelu sun yi musu fari fat. Akwai wata babbar tsamiya inda muke tsayawa, kowa ya jingine kekensa ya kama wuyan hannunsa, Majo na duban agogo. Mu yi shiru mu uku kamar masu lazimi. Taubashina kuwa sai ya zauna a kan saiwa yana cin goro yana kallonmu.

Dokar Majo mai sauƙi ce. In kana tuƙi ba ka iya amsa gaisuwa sai da haki, ka yi sauri da yawa, ka rage. In kuwa kana iya rera waƙa, wasa kake yi, ka ƙara. Ran Lahadi yakan zo da abin awon tansiyo cikin ƴar jakar fata, mu huta tukuna, sa'an nan ya auna mu ɗaya bayan ɗaya. Ba a iya ɓoye masa komai. In Tela ya je biki ya ci soyayyen nama, Majo zai dubi allurar abin awon ya ce, "Malam Tela, ina aka yi suna?" Mu kwashe da dariya har masu wanki su juyo.

A gari kuwa magana ta yaɗu cewa na karye. Mutum mai mota ya koma keke, ai ba banza ba. Wata dattijuwa ta zo har gida ta yi wa uwargida jaje, ta ce dukiya haka take, a yi haƙuri. Uwargida ta karɓi jajen, ta kuma ba ta goro.

Da damina ta wuce, tansiyona ya sauko sha huɗu. Wandunana suka yi mini yawa, Tela ya rage su yana mita. Na fara hawa tudun bayan garkoki ba tare da na sauka na tura ba. Bugun da nake ƙidayawa a ƙarƙashin tsamiya ya ragu, ya kuma riƙa komawa daidai da wuri bayan mun tsaya. Majo ya ce wannan komawar ita ce alamar ƙarfi, ba gudun ba. Muka fara tsawaita tafiya, wata rana mu nufi wajen Sarkin Yamma, wata rana hanyar Gabi, mu ratsa gonakin gero da aka girbe, mu sha fura a wani ƙauye mu juyo.

Duk wannan lokacin taubashina bai taɓa yarda an auna shi ba. In Majo ya miƙo ƙyallen sai ya janye hannu.

"Ni buhun gyaɗa ne da za a auna ni? Ku auna masu tumbi."

Kuma gaskiya babu wanda ya ga dalilin matsa masa. Kullum shi ne a gaba. Yakan yi mana nisa, ya juyo ya zagaye mu, ya sake wucewa.

A shekara ta uku ɗan Tela da ke aiki a Kano ya aiko masa da agogon hannu mai nuna bugun zuciya. Ka ɗaura kawai, lamba ta fito. Muka yi ta karɓa-karɓa kamar yara da sabon abin wasa. Majo ya gwada shi da tasa ƙidayar, ya ga sun yi daidai, ya ce to ba laifi, amma kada mu manta da yatsunmu, don yatsa ba ya buƙatar caji.

Wata safiya cikin sanyi muna kan hanyar Gabi, na duba ban ga taubashina a gaba ba, sai da na waiwaya na hango shi a baya. Abin bai taɓa faruwa ba. Muka tsaya a gindin wani gawo muka jira shi. Ya iso a hankali, ya sauka, ya zauna a ƙasa ya ce sarƙarsa ce ke kamawa. Na juya feda da hannu, sarƙa lafiya lau. Na buɗe baki zan rama tsokanar shekara uku, sai na ga zufa a goshinsa, alhali mu duk muna cikin rigunan sanyi.

Tela, cikin wasa, ya cire agogon ya ɗaura masa. Wannan karon bai janye hannu ba. Lambar ta fito, ta haura sama sosai, ta faɗo, ta sake haurawa.

"Kai, agogon nan ya lalace," in ji Tela.

Majo ya matso kusa da shi. Ya durƙusa ya kama ɗaya hannun da yatsunsa, ya daɗe yana saurare. Sa'an nan ya ce in zo in taɓa. Na taɓa. Tawa na saba da ita, tana tafiya kamar dakan mace ɗaya. Wannan kuwa sai ta buga da sauri-sauri, ta yi shiru kamar ta manta, ta sake ɓarkewa.

"Malam, tun yaushe kake jin haka?" Majo ya tambaye shi.

Ya dubi ƙasa. "Tun kaka. Kamar an jefa kifi a kan tudu, yana ta tsalle a ƙirjina. In na huta sai ya bari."

"Ka faɗa wa wani?"

"Wa zan faɗa wa? Wannan?" Ya nuna ni da haɓa, ya yi ƙoƙarin murmushi.

Majo ya hana shi sake hawa. Na kira ɗana a waya ya zo da mota, muka ɗora kekuna a baya, muka wuce Maradi kai tsaye. A babban asibiti aka manna masa wayoyi a ƙirji. Likitan ya ce bugun zuciyarsa ne ba ya tafiya daidai, kuma an yi sa'a da aka zo kafin ya haifar da abin da ya fi haka. Ya rubuta magani, ya hana shi ɗaukar kaya da hawan tudu, amma ya ce in ya warware yana iya tuƙi a hankali a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya.

Ya yi makonni bai fito ba. Ba jikin ne ya hana shi ba, kunya ce. Na same shi a zaure yana gyaran igiyar guga da ba ta buƙatar gyara. Na zauna, na rasa ta inda zan fara, don mu ba mu saba magana ba sai da zolaya.

"Bawana," na ce, "an ce ka tsufa."

"Wanda ya faɗa ya yi gaskiya." Bai ɗago ba. "Ni da nake kai kaya Maradi, yanzu a ce in riƙa bin bayanka?"

"Wa ya ce za ka bi bayana? Majo ya kafa sabuwar doka. Kai ne a gaba, kuma duk wanda ya wuce ka shi zai sayi furar ranar."

Majo bai kafa wannan doka ba tukuna, amma da na faɗa masa da maraice ya ce ta kafu.

Haka muka koma mu huɗu, shi a gaba, mu a baya muna taka feda kamar masu rakiyar amarya. Tela ya bar masa agogon kyauta. Mutumin da ya ƙi awo sai ya zama ya fi kowa son sa. Ya tsaya a tsakiyar hanya ya ɗaga hannu ya karanta mana lambarsa da ƙarfi, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. Ran Lahadi shi ke fara naɗe hannun riga. Kuma a wannan tafiyar ta sannu na fara ganin abubuwan da gudu ya ɓoye mini. Shi ya nuna mini inda agwagin ruwa ke ƙwai cikin ciyawa, da garkar da kakanmu ya fara haƙa rijiya, da wurin da ruwa ya taɓa kaiwa a wata babbar damina tun muna yara. Ya san mai kowace gona da mahaifinsa. Waɗannan shekarun su ne mafi daɗi a cikin dukan tuƙinmu.

Ya ƙara shekaru masu dama, ya aurar da autarsa, ya ga jikoki. Allah ya karɓi abinsa wata damina, a gidansa, bayan gajeriyar jinya. Daga baya Majo ya koma Yamai wurin ɗansa. Hanyar Gabi ta daina zama wurin da dattijo zai bi da sassafe shi kaɗai, saboda halin rashin tsaro da ake ciki. Tela kuma gwiwa ta kama shi, sai dai in biya ta shagonsa mu gaisa.

Ni har yanzu ina fita, ko da yake ba na nisa. Ina shan maganina, ina da ɗan injin awo mai batir da nake ɗaurawa da kaina. Kwanakin baya wasu matasa suka fara zuwa daga Maradi ran Lahadi, da kekuna marasa nauyi da hulunan kwano da matsattsun riguna masu launi. Suna wucewa kamar iska. Makon jiya ɗayansu ya gan ni tsaye a gefen hanya ina hutawa, ya rage gudu ya juyo.

"Baba, lafiya? Ko keken ne ya samu matsala?"

Na ce masa lafiya ƙalau, ya je, ina tafe.