Ranar Da Kwamfaila Ta Bi Maganar Guduma

Guduma ake ce masa a masana'antar, kuma wallahi sunan bai zalunce shi ba. Shi ke rubuta manhajar injinan yankan ƙarfe. Kibod ɗin kwamfuta nawa ya farfasa? Tambayi mai shara.

Abokiyar gabarsa ɗaya ce, kwamfaila, wato manhajar da ke juya rubutunsa zuwa abin da inji ke ganewa. Cikin kwamfuta akwai 'yan gurabe masu sauri da ake kira rijista. Abin da ke can tamkar yana hannunka ne, ba sai ka je sito ba. Guduma zai rubuta a ajiye kaza a rijista. Kwamfaila kuwa shawara ta ɗauki maganar, ba umarni ba, in ta ga dama ta bi, in ta ga dama ta watsar.

"Ni za ki raina?" Sai naushi a tebur.

Wata abokiyar aikinsa ta ce, "Malam, ƙyale ta, ta fi mu iya rabon guraben nan." Kofi ya wurga mata. Allah ya so ta sunkuya, ya tarwatse a bango.

Ƙaninsa ke aiki a kan babban injin, kuma duk duniya ba wanda Guduma ke so kamarsa. Don shi ya nace sai saƙon jan maɓallin tsayawa ya zauna a rijista, inji ya riƙa tsayawa nan take. Ya yi ta tono har ya gano dabarar tilasta wa kwamfaila. Ta bi. Ranar har rawa ya taka, ƙato da shi.

To, abin da ke hannu wa ke komawa sito duba shi? Injin ya karanta "ba a danna ba" sau ɗaya, ya riƙe abinsa. Sabon saƙon maɓallin kuwa a sito yake sauka, inda injin ya daina leƙawa.

Da hantsi injin ya cafki hannun rigar ƙanin. Ƙanin ya danna jan maɓallin. Ya sake dannawa. Ya doka da gwiwa yana ihu. Wuƙar ta sauko.

Guduma ya zo a guje, ya suri sandar ƙarfe, ya yi ta jibgar akwatin wuta har tartsatsi ya ƙone masa fuska. Injin ya tsaya, amma jini ya riga ya wanke tiren injin, yatsu na kwance cikin ɓarɓashin ƙarfe.

A asibiti ƙanin ya buɗe ido ya ce, "Yaya, na danna fa. Wallahi na danna."

"Na sani," in ji Guduma, ya fashe da kuka.

Bai ƙara fasa komai ba. Kullum da safe shi ke durƙusawa ya ɗaure wa ƙaninsa igiyar takalmi.