Layin da Baba Yake Ciki

Mai yiwuwa na haɗa wasu abubuwa da wasu, don an jima, kuma ban cika amincewa da ƙwaƙwalwata ba.

A shekarata ta ƙarshe a jami'a aka ba ni aikin kwatanta hanyoyin da malamanmu ke kira hachage da Faransanci. Lissafi ne da ke mayar da sunan fayil lamba, lambar ta nuna wa kwamfuta aljihun da za ta ajiye shi, ta kuma ɗauko shi. Baffana, ƙanin mahaifina, yana da shagon hoto a unguwarmu, Briqueterie, kan hanyar Mokolo. Da hotunansa na yi gwajin, kowanne da sunan mai shi.

Hanyar farko tana duba farkon suna ne kawai. Ga shi kuwa maza da yawa a unguwarmu sunan Annabi gare su, har da mahaifina, sai duk suka faɗa aljihu ɗaya, suka yi layi. In na nemi hoton mahaifina, sai kwamfuta ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ni kuma na sa tana nuna kowa a allo. Telan bakin masallaci ke fara fitowa, ina jin, sai mai tsiren kwanarmu, sai wani direba ɗan Messa, da wasu da dama, sannan Baba.

Baffa ya leƙo ta kafaɗata, ya fashe da dariya. "Ka ga Yaya? Ko a cikin na'ura ma sahun baya yake samu!"

Malamina ya ce hanyar ba ta da sauri, kuma gaskiyarsa ne. Ta biyun ta warwatsa su, kowa da aljihunsa, kafin ka ƙifta ido hoto ya fito. Ita na yaba a rubutuna, na kuma ci jarrabawa.

Daga baya kwamfutar shagon ta ƙone da duk abin da ke cikinta. Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa, ba mu da wani hotonsa. Yanzu in ina son ganin fuskarsa sai na rufe ido na bi layin nan daga kan tela. In na tsallake mutum ɗaya, ba na isa gare shi.

Akwai wani tsakanin direban da Baba, fuskarsa ta ɓace mini, kuma a nan nake tsayawa kwanan nan. Ban ma tabbata mai tsire ne na biyu ba. Duk wanda ya zauna a bencin shagon Baffa ya ga layin nan yana wucewa, don Allah ya aiko mini da gyara.