Usur ɗin da Baba bai ji ba

Duk abin da mantuwa za ta ɗauke mini a duniya, ba za ta ɗauke yammacin da na fara shiga Maradi tare da mahaifina ba. Yau ga ni da aure da 'ya'ya, ina koyarwa a lakol, yara na kirana madam, amma har gobe in aka busa usur ba zato sai na tsaya cak ina waige-waige.

Mu mutanen wani ƙauye ne a ƙasar Cadakori. Ni ce 'yar fari a gidanmu, kuma shekarar nan na gama koleji aka ba ni wuri a lise, babbar lakol ta Maradi. An shirya zan zauna wajen gwaggona, ƙanwar Baba, wadda ke aure can. Baba kuwa tun ina ƙarama ciwon sanƙarau ya kwantar da shi, ya tashi da ransa amma kunnuwan sun tafi. Ko aradu aka yi sai dai ya ga walƙiya. In kana son magana da shi sai ka zo gabansa ya kalli bakinka, kuma wallahi ya iya karanta baki fiye da yadda nake karanta faransanci. Sai dai a gidanmu akwai kalmar da ba a faɗi. Inna kan ce kunnen Malam da nauyi, mu ma haka muka tashi muna cewa. Wani ɗan maƙwabta ya taɓa kiransa kurma a bakin rijiya, ranar nan sai da aka ƙwace yaron daga hannun Inna.

Ga kuma kunyar ɗan fari. Baba bai taɓa kama sunana ba, "ke" ce ko "waccan". Ni ma tun da na yi wayo ban taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba, balle in taɓa jikinsa. In za mu gona yana gaba ina baya, da tazara. Haka muka ga ana yi, ba wanda ya ga abin tambaya a ciki.

Da lokacin tafiya ya zo kawuna ya ce zai kai ni, Baba ya ce a'a. Wai wa zai nuna masa Maradi, garin da kakanninmu suka kafa da suka baro Katsina, garin da ya yi dakon gyaɗa a cikinsa yana saurayi? Abin da bai lissafa ba, Maradin da ya sani ta daɗe da canza kaya. Amma wa zai gaya masa? In Baba ba ya son jin magana, juya fuska kawai yake yi, shi ke nan an rufe taro.

Amalanke ta fitar da mu bakin hanya, muka daɗe muna jiran mota, ba mu sauka tasha ba sai da la'asar ta yi sanyi. 'Yan kabu-kabu suka yanyame mu, Baba ya kore su da hannu, ya ce ɗiyarsa ba ta hawa bayan ƙato. Ya ɗora buhun geron da ya kawo wa gwaggo a ka, ya rataya ɗan gatarinsa a kafaɗa kamar kowane manomi, ya kama hanya. Ni na biyo baya da akwati a kai, ina ta kallon gari kamar akuyar da aka kai kasuwa.

Hanyar da ya bi ta ratsa unguwar gwamnati. Titi mai faɗi, itatuwan dogon yaro a jere, ofisoshi ne, buro nan buro can, kowane da katanga da tuta. Can gaba akwai wani bariki. An jera ganguna cike da yashi a gaban ƙofarsa, an tare gefen titin da tayoyi, na lura duk mai tafiya a ƙasa in ya kusanto sai ya tsallaka ɗaya gefen. Shekarun nan ne labarin 'yan bindiga ya cika bakin iyaka, ga kuma abin da ake ji a rediyo na masu ɗauko mugun abu cikin buhu su nufi wurin sojoji. Kowa a tsorace yake, har masu bindigar.

Muna kusa da wurin aka busa usur, dogo, mai kaifi. Lokacin sauke tuta ya yi. Nan take titin ya mutu. Masu babur suka kashe inji suka dire ƙafa, mai kura ya saki kurarsa, wata mai tallan ƙosai ta tsaya da tire a ka. Ni na san dokar, tun ajin farko muke tsayawa wa tuta a lakol, ƙafafuna da kansu suka tsaya. Ban san babban gari na iya yin shiru irin wannan ba, har kukan tsuntsaye nake ji cikin itace.

Sai na ji takun takalmi ɗaya, fat, fat, fat. Na ɗaga ido. Duk faɗin titin nan mutum ɗaya ke motsi, kuma Baba ne. Idonsa na ƙasa saboda nauyin buhu, ya ga inuwa a jikin katangar bariki, ya ratsa tsakanin tayoyin nan ya miƙe sak ya nufi ƙofa. Buhu a ka, gatari a kafaɗa.

Sojan da ke gadi ya daka tsawa da faransanci. Baba na tafiya. Ya sake da Hausa, ya ce tsaya, tsaya nan. Baba na tafiya. Na ga sojan ya ja da baya, ya sauko da bindiga daga kafaɗa, na ji ƙarar ƙarfe, ƙas-ƙas. Ban taɓa jin wannan ƙarar ba sai ranar, amma ba sai an fassara mini ba. Wasu biyu suka fito daga bayan gangunan su ma suka auna shi. Mai ƙosan nan ta yi salati ƙasa-ƙasa, ta ce wannan ko mahaukaci ne.

Ni kuwa jikina ya zama ba nawa ba. Na ƙame wuri ɗaya da akwati a kai. Na ce "Baba" da wata murya kamar ta ɗan tsako, ni da na fi kowa sanin ko da ganga na kira ba zai waiwayo ba. Na san abin da ya kamata in faɗa, kalma ɗaya ce, tana nan a maƙogwarona, amma ta ƙi fita. Ku dubi wauta irin ta ɗan Adam, ana shirin harbe ubana ni ina jin nauyin kalma. Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya na gida, to ni ranar nan su biyun suka haɗu suka shaƙe ni a tsakiyar titi.

Sojan ya ɗora kumatunsa a jikin bindigar ya rufe ido ɗaya. Wannan rufe idon ne ya ɓalle mini murya.

"Kurma ne! Kada ku harba, kurma ne! Ubana ne!"

Ban san lokacin da na yar da akwati ba. Na ruga, na tsallake tayoyin, ɗaya daga cikin sojojin ya juyo da bakin bindigarsa kaina. Na ga baƙin ramin nan ƙuru-ƙuru, na saddaƙar yanzu zan ji zafi a ƙirji, amma ƙafafuna ba su tsaya ba. Na cafko rigar Baba ta baya da hannu biyu na fizgo shi. Buhun ya suɓuce ya faɗi, bakinsa ya ɓalle, gero ya watsu cikin yashi.

Ya juyo a fusace don ya ga wane marar kunya ne, sai ya ga ni ce. Kafin ya buɗe baki na nuna masa gabansa. Ya ɗaga kai ya ga bindigogi. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta canza haka ba. Mutumin da in ya yi gyaran murya gida ke yin tsit, ya saki gatari, ya zube bisa gwiwa a gaban yaron da a haife ya haife shi, ya ɗaga hannuwa sama. Hularsa ta faɗi, furfurarsa ta fito fili. Yana ta faɗin "ku yi haƙuri, ku yi haƙuri" da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin muryar kansa, kuma bai ma san laifin da yake ba haƙuri a kai ba.

Aka sake busa usur, tuta ta sauka, babura suka tashi, kowa ya kama gabansa kamar ba a yi komai ba. Mu kuma muna nan durƙushe. Wani babbansu mai furfura a gemu ya fito, ya sa aka zazzage sauran buhun aka ga gero ne tsaba. Ya tambaye ni daga ina, zuwa ina, na amsa da faransanci, na sake gaya masa da Hausa cewa kurma ne, Baba na kallon bakina. Babban nasu ya yi mini faɗa sosai, ya ce tun da na san lalurar Baba don me na bar shi a gaba shi kaɗai. Sannan ya duƙa da kansa ya ɗauki hular, ya kakkaɓe, ya miƙa wa Baba da hannu biyu ya ce ya tashi. Sojan da ya auna shi kuwa zufa ta jiƙe masa riga sharkaf. Ya zo yana taya mu kwashe gero. Ya ce mini a hankali, "Ƙanwata, da kin ƙara jinkiri kaɗan..." bai ƙarasa ba, ni ma ban so ya ƙarasa ba.

Muka isa gidan gwaggo ana kiran magariba. Baba ya yi salla, aka kawo tuwo ya ce ya ƙoshi. Gwaggo ta ga yashi cikin gero ta yi ta tsokanarsa wai ya kawo mata gona gaba ɗaya, bai ko yi murmushi ba. Da safe na raka shi ƙofar gida, ya tsaya yana kallon ƙasa, sannan ya ce, "Na ga bakinki jiya, na san mi kika ce masu. Ba ki yi laihi ba. Amma kada innarki ta ji." Bai bi ta cikin gari ba, mijin gwaggo ne ya zaga da shi ta bayan kasuwa har tasha.

Na riƙe masa maganar. Na yi zaton abin ya wuce, tun da ba wanda ya ji ko ƙwarzane. Ashe ban san kome ba. Baba bai sake taka Maradi ba. Na gama lise bai zo ba, gwaggo ta aurar da ɗiya ya aika kawu. In ya hango mai kaki a kasuwar Cadakori, ko da mai gadin daji ne, sai ya canza layi.

Bayan wasu shekaru ciwon ciki ya kama shi. Likita a Gidan Rumji ya duba ya ce aiki ne, sai an kai shi babban asibiti a Maradi, kuma kada a ɓata lokaci. Baba ya ce ba inda za shi. Ƙannena suka yi lallashi, liman ya zo, Inna ta yi kuka, duk suna ganin taurin kai ne na tsufa. Ni kaɗai na san abin da ke ƙasa. Na jira ɗaki ya watse, na durƙusa gabansa yadda zai ga bakina da kyau, na ce mota za ta kai mu har ƙofar asibiti, ba za mu bi ta wancan titin ba, kuma hannuna na cikin nasa daga fita har dawowa. Ya karanta bakina, ya girgiza kai.

"Bar ni nan," ya ce. "Nan in an yi kira ban ji ba, taɓa ni ake yi a kafaɗa."

Bayan an gama girbi ya rasu a ɗakinsa. Na sani kwana ne ya ƙare, ba mai wuce ranarsa, ina kuma roƙa masa rahama kullum. Amma ba zan yi muku ƙarya ba, har yau akwai ranakun da nake tuna yammacin nan in ji zuciyata ta yi nauyi, don na san tun daga ƙofar barikin nan aka rufe masa hanyar asibiti.

Abin da na koya shi ne, tsoron da ya shiga dattijo a gaban ɗansa ba ya fita da ban haƙuri. In ka ɗauko naka ka kai shi inda bai san doka ba, to kai ne idonsa, kai ne kunnensa, ka ajiye kunya a gida ka jera da shi kafaɗa da kafaɗa. Shi ya sa duk shekara, ranar da na fara koya wa sababbin yara tsayawa wa tuta, nakan ce in sun koma gida su gaya wa iyayensu da kakanninsu, wanda ba ya ji kuma su je gabansa su nuna masa da hannu.