Datti Mai Salansa da Yanar Ido

Datti ya zo Kura a shekarar 1979, yana bin taraktocin aikin noman rani da akwatin sifanu a ka. Taraktocin sun daɗe da mutuwa, shi kuwa yana nan ƙarƙashin darbejiyar bakin tasha, ba ya taɓa komai a mota sai salansa.

Direbobin nan sukan labta kwandunan tumatir har mota ta durƙusa, su hau kwalbatin hanyar ruwa, salansa ta tsinke. Sai su ɗaure ta da waya, ko su sa mai walda ya liƙe ta tamau a jikin mota. Datti ya tsani wannan. A wurinsa dole salansa ta rataya a roba tana lilo, in ba haka ba bututun zai tsage. Robar ma da kansa yake yankawa daga tsohuwar tayar tarakta.

Bara yanar ido ta fara rufe masa gani. Direbobi suka janye a hankali. 'Yarsa Bilkisu ta yi ta roƙonsa ya je asibiti, ya ƙi, don tsoron a ce masa ya bar aiki.

Wata Talata da hantsi na kai masa fijona, salansarta na jan ƙasa tun daga Bunkure.

"Hedimasta, wannan tsohuwar ba ta mutu ba har yanzu?"

"Tana jiranka ku tafi tare, Malam Datti."

Ya yi dariya, ya shimfiɗa buhu, ya shige ƙasa. Da yatsu ya gano ƙarfe biyu masu riƙe bututun sun rube. Ya lanƙwasa sababbi, ya shafa wa robobin sabulu don su shiga, ya ɗaure notuna huɗu. Ya ɗauki minti hamsin da biyar. A da rabin awa ne.

"Tayar da ita."

Na murza makulli. Ni dai lafiya na ji, amma shi ya ɗaga hannu.

"Kashe. Ba ka ji ƙas-ƙas ɗin nan ba?"

Ya koma ƙasa ya laluba. Ashe ƙarfen baya a juye ya ɗaura shi, bututun na taɓa jikin mota. Ya kwance, ya gyara. Da na sake tayarwa, sai ta yi luf.

Ya zauna a kan benci, ya daɗe yana goge hannu da tsumma.

"Shekara arba'in da wani abu ban taɓa juya ƙarfe ba. Hedimasta, ka san hanyar asibitin idon nan na Kano?"

"Na sani."

"To, jibi da sassafe. Kada ka gaya wa Bilkisu tukuna, za ta ce ita ta ci nasara."