Gaɓar Raken Yaya Ilu

Da saran raken bana, shekara tara ke nan da rasuwar yayana Iliyasu, wanda duk fadamar Jajaye ta sani da Ilu Mai Mazarƙwaila. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan yi masa addu'a, in yi 'yar sadaka, in yi shiru da abina. Bana kam shirun ya gagare ni. Abin da ya faru a makon jiya ya sa ko zama wuri ɗaya na kasa, shi ya sa na ɗauki biro da wannan hannun nawa da bai daɗe da koyon riƙe shi ba a ajin yaƙi da jahilci. Da Yaya na nan da ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Mamuda, yau kai ne a jarida?"

Ga wanda bai san sana'armu ba, ga yadda take. Doki ne ke zagayawa yana juya injin ƙarfe, ana tura masa rake, ruwan yana zuba. A kwashi ruwan a ɗora a manyan kasake, a yi ta kwashe kumfa har ya yi kauri, sannan a zuba a ƙananan kwanoni ya daskare. Da faɗi da sauƙi. Amma rake ba ya jiran kowa. Da an sare shi ya fara bushewa, da an matse shi kuma ruwan ba ya kwana sai ya yi tsami. Wuta in ta yi yawa ya ƙone, in ta yi kaɗan ya ƙi kamawa. Ita kuwa rayuwa ba ta taɓa leƙowa ta tambaye ka ko ka ɗora kasko ba.

Yaya ya koyi wannan ne a shekarar da mahaifiyarmu ta rasu. Ana tsakiyar matsa aka aiko. Muka bar komai muka ruga gida. Da muka koma bayan sadakar uku, tun daga nesa warin tsami ya tare mu. Ƙuda ya rufe kasake, raken da aka jibge ya yi fari kamar karan dawa. Aikin shekara guda ke nan a kwance. Ni dai na zauna a kan dutse na dafe kai. Yaya ya daɗe a tsaye yana kallo, sannan ya zaro wuƙa ya yanki gaɓar rake ɗaya, ya ce in biyo shi.

Wurin Malam Bawa muka nufa. Bawa mutumin Kafin Dafga ne da ya zo ya kafa tasa matsar a ƙasan tamu, kuma duk duniya ba wanda suke gasa da Yaya kamarsa. Ranar kasuwar Rogo kusa da juna suke baza kaya, kowa na kushe na ɗan'uwansa. Yaya ya ce, "Hajiya, kada ki sayi ta Bawa, jiya wani ya bar haƙorinsa a ciki." Bawa ya ce, "Ta Ilu kuwa kafin ki kai gida ta zama kunu." Haka suke wuni, masu saye na dariya.

Muka same shi a bakin murhu. Bayan ya sake yi mana ta'aziyya sai ya ce, "To, Ilu, ka zo ka ga yadda ake yin ta gaskiya ne?"

Yaya ya miƙa masa gaɓar.

Bawa ya ce, "Rake ka kawo mini, ni da nake kwana a cikinsa?"

Yaya ya ce, "Daga yau, duk ran da ka ga an kawo maka gaɓa ɗaya daga gidana, ka san abu ya same ni. Kada ka tsaya tambayar mene ne. Ka sauke naka, ka zo ka riƙe mini wuta. In taka ta taso, ka aiko mini."

"Ladana fa?"

"Curi ɗaya."

"Curi ɗaya na irin taka? Ai wannan horo ne, ba lada ba."

Amma ya sa gaɓar a aljihu.

Abin ya yi aiki fiye da yadda kowa ya zata. Da gobara ta ci ɗakunan Bawa, Yaya ne ya dafa masa sauran rakensa, shi yana can yana neman inda iyalinsa za su kwana. Da dokinmu ya karye, na Bawa ne ya zagaya injinmu. Daga baya wasu masu matsa biyu suka shigo. Haihuwa, rasuwa, jinya, shari'ar gona, duk wanda abu ya faɗo masa sai ya yanki gaɓa ya aika. A kasuwa kuwa ba abin da ya canza, kushe sai ma abin da ya ƙaru. Yaya yakan ce mini, "Abin da zai zo ba ya neman izininka, Mamuda. Kai dai ka san gidan da za ka aika tun bai zo ba."

Ranar da nasa ya zo, da safe ne, yana tsaye a bakin murhu da ludayi a hannu. Ya faɗi. Muka ɗauke shi zuwa gida. Maganar da ya iya yi wa matarsa, Yaya Hanne, ita ce, "A kai wa Bawa." Aka kai. Kafin azahar Allah Ya karɓi abinSa. Da aka zo jana'iza, duk fadamar ta hallara ban da mutum ɗaya. Bawa yana can kan wutar Yaya, kasake na tafasa, ba halin matsawa ko taku ɗaya.

Sai bakin mutane ya buɗe. Aka ce abokinsa ya mutu, shi yana can yana dafa rake. Wasu har suka ce daɗi ya ji, abokin gasa ya kau. Mun yi bayani har muka gaji, amma magana ta riga ta zaga gari. Bawa ya ja jikinsa. Tun daga ranar ba wanda ya sake aika gaɓa a fadamar nan, don kowa na tsoron a ce da shi abin da aka ce da Bawa.

Ni na riƙe matsar na ɗan lokaci, sannan dokin ya mutu, na koma sayar da rake ɗanye ga masu motoci. Injin ya zauna a gindin mangwaro yana tsatsa. 'Yan gwangwan suka yi ta zarya, suna taɓa shi suna cewa ƙarfe ne mai nauyi. Duk zuwan da suka yi sai Yaya Hanne ta ɗaga murya daga zaure ta ce, "Ran da za ku ɗauke shi ku haɗa da ni a kan sikelin."

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga fadamar yau. Nura, ɗan Malam Bawa, ya karɓi sana'ar daga hannun mahaifinsa, ya sayi injin fetur, abin da doki ke matsewa a wuni shi kafin hantsi ya gama. Na san Yaya zai toshe kunne ya ce ƙarar ta yi yawa, sannan ya zagaya baya ya tambayi yadda ake tayar da shi. Waya kuwa da ya so ta, don mutum ne mai son surutu. Abin da zai fi faranta masa rai shi ne tsadar sukari ta sa mutane sun dawo neman mazarƙwaila, har daga Ƙaraye ana aiko tambaya. Amma na tabbata da ya ga kowa da lambar kowa a aljihu, kuma ba mai iya ce wa maƙwabcinsa zo ka riƙe mini, da abin ya dame shi.

Wannan neman da ake yi ne ya sa bana na yi ta maza. Na sayar da bijimina na sayi doki. Na wanke injin, na sa masa mai, na gyara murhu. Masu motoci suka zo, na ce bana ba na sayarwa. Muka yi magana da Yaya Hanne ƙarara: in bana ta yi kyau, matsar Yaya ta tashi ke nan. In ta ɓaci, ba ni da wani bijimin, sai dai a kira 'yan gwangwan. Ta ce ta yarda.

Ranar farko, an sare rabin gona an jibge, ruwa ya cika durom, na hura wuta, kumfar farko ta fara tasowa. Ina tsaye ina murmushi ni kaɗai sai ga saƙo daga gida. 'Yata Bilki, wadda ta zo goyon ciki, naƙuda ta yi mata tsawo, ungozoma ta ce sai asibiti a Rogo. Mijinta yana Kudu wurin neman abinci. Masu saran da na ɗauka kuwa sara kawai suka iya, ba su san kan wuta ba. Na ajiye ludayin, daidai inda Yaya ya ajiye nasa.

A ƙofar gida Yaya Hanne ta tare ni. Ta ce, "Ƙaramin maigida, wutar fa?"

Na ce, "Bar ta kawai, Yaya. Allah bai yi ba."

Tun da wuri in kwantar muku da hankali: an yi wa Bilki aiki, ta samu 'ya mace, ita da jaririyar suna lafiya, alhamdu lillahi. Amma sai da na kwana biyu a asibitin, neman jini, sayen magani, kai da kawo. Ban kira kowa ba. Wa zan kira? Malam Bawa ya tsufa, gwiwa ta hana shi fita, tsakanina da shi sai gaisuwar Juma'a. Nura kuwa yana da nasa raken a ƙasa. Na haƙura. Na ce Allah Ya ba ni jika, Ya karɓi matsa, ba ni da abin cewa sai godiya.

Da na hau acaɓa zan koma, warin tsamin nan na shekarar rasuwar Inna nake jira ya tare ni. Muna gangarowa fadama sai na hango hayaƙi a saitin mangwaron. Na ce ko wani ne ke ƙona shara. Sai iska ta juyo. Jama'a, ƙamshi! Ƙamshin mazarƙwaila tana gab da kamawa, wanda ko a mafarki na ji shi zan gane. Na daki kafaɗar ɗan acaɓan ina cewa, "Tsaya! Tsaya mana!" Kafin ya tsaya na dira. Takalmina ɗaya a nan ya zauna. Ni da furfurata na ratsa gonar mutane a guje.

Dokina yana zagaye. Kwanoni jere a kan tabarmi har bakin rafi, duk sun daskare, jawur. Nura ne a kan kasko, gumi ya jiƙa masa riga. A gefe, kan kujera 'yar tsugune, ga Malam Bawa da sandarsa yana nuni yana faɗa: "Rage itacen nan! Kai, wannan ba injin fetur ba ne, a hankali ake bin ta!" A aljihun rigarsa, kan wata gaɓar rake ya leƙo.

Ashe ina barin gida Yaya Hanne ta yafa mayafi, ta je gona ta yanki gaɓa da hannunta, ta taka har gidan Bawa. Ta ce ko gaisuwa ba su gama ba ta ajiye masa a gabansa. Ya dube ta, ya dubi gaɓar, ya ƙwalla wa Nura kira ya ce ya kashe injinsa ya kawo babur.

Na durƙusa a gaban Malam Bawa. Ya ce, "Tashi, Mamuda. Barka da arziki. Amma wa ya sayar maka da wannan dokin? Ya fi ka sanyin jiki."

Na ce, "Malam, ban san da bakin da zan gode ba."

Ya ce, "Ba na son godiya, curina nake so." Aka miƙa masa. Ya gatsa da sauran haƙoransa, ya tauna, ya gyaɗa kai. "Wannan ce mazarƙwailar kirki ta farko da ta taɓa fitowa daga matsar nan. Ka ga bambancin hannu."

Muka yi dariya har Nura ya kusa sakin ludayi. Sannan tsohon ya juya yana kallon wutar. Ya ce, "Sun ce ban raka Ilu ba. Ni kuwa inda ya aike ni, nan na tsaya. Duk shekarun nan jira nake gidanku ya sake aiko mini." Ya goge ido da hannun riga, ya ce hayaƙi ne.

To, ga abin da na zauna na auna. Yaya bai bar gidan bene ba, bai bar mota ba. Dokinsa ya mutu, kasakensa an sauya su, injin ma wata rana zai gaji. Da ina ganin ƙarfen nan shi ne gadonsa, shi ya sa muka hana 'yan gwangwan. Yanzu na gane gadon yana aljihun mutumin da ya fi kowa kushe masa kaya. Ya san ba zai hana haihuwa ko mutuwa faɗowa ana tsakiyar aiki ba, sai ya tanadi wanda zai tsaya a bakin murhu. Tanadin ya yi barci shekara tara, aka taɓa shi sau ɗaya ya miƙe. Allah Ya kai ladan kabarinsa.

Ranar suna, da goro da mazarƙwailar matsar Yaya za a raba. Masu saye daga Ƙaraye sun riga sun kwashi kaya, sauran rabin gonar ma mun fara sara. Ran nan da Malam Bawa da ɗansa za su bar matsar, Nura ya ɗora mahaifinsa a babur, sannan ya dawo kusa da ni yana sosa ƙeya. Ya ce, "Baba Mamuda, mai ɗakina ma watanta ya kusa. Kuma rakena bai ƙare ba."

Na ce, "Ka san gidan."

Tun ranar, ko yaro ne ya yi sallama a ƙofa, hannunsa nake fara dubawa.