Hotunan da Kawu Ya Bari

Duk wanda ya ce babu ruwa mai faɗowa daga kan dutse a garinmu, bai zauna Dutse cikin marka ba. Akwai shi, sai dai ba ya jiran kowa. In aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, duwatsun bayan unguwar Garu sukan tara shi su sako ta wata tsaga, fari fat, da ƙugi. Kafin ka gama neman takalmi ya tsane, sai baƙin dutse yana naso.

Yayana mai hoto ne. Biki, suna, fasfo na ma'aikata, duk shi ake kira. Amma da hadari ya haɗo daga gabas zai rufe shago, ya naɗe kyamara a leda, ya hau dutse. Inna ta yi faɗa har ta gaji, ta ce wurin na mutanen ɓoye ne.

"Ai ina yi musu sallama, Inna," in ji shi. "Har yau ba su ce in koma ba."

Ba ruwan ne ya ci shi ba. Zazzaɓi ne, ya kwanta bai tashi ba.

Bayan an share makoki, Kawu, wan Inna, ya sa aka fito da akwatunan shagon tsakar gida. Ya ce ya ji malamai na cewa za a umarci mai yin hoto ya busa wa abin da ya yi rai.

"Mu rage wa yaron nan nauyi a kabarinsa," in ji Kawu.

Ya zauna kan tabarma yana warewa. Duk mai fuska, wuta. Amare, jarirai, ni da kayan makaranta, har da 'yan ƙalilan da Yaya ya fito a ciki. Yana jefawa hawaye na bin gemunsa. Na san ƙauna ce ta sa shi, amma har yau zuciyata ba ta gama hucewa ba. Hotunan ruwan kawai ya ture gefe, ya ce waɗannan ba su da rai. Lokacin waya mai hoto ba ta shigo hannun mutane ba, shi ke nan abin da ya rage.

Da farko ban damu ba, ina ganin fuskar Yaya ba za ta taɓa ɓace mini ba. Ashe fuska ma tsanewa take. Muryarsa tana nan, dariyarsa tana nan, amma in na rufe ido sai hula da wuyan riga. Abin yana ba ni tsoro.

A ɗaya daga cikin hotunan ruwan, rana ta fito ta bayan Yaya, inuwarsa ta kwanta kan jiƙaƙƙen dutse, hannuwa biyu a ɗage da kyamara sun rufe inda fuska take. Shi Inna ke ajiyewa ƙarƙashin matashi.

Bara da damina, ana tsuga ruwa, na tarar da ita riƙe da hoton dab da idonta.

"Ke, zo nan," ta ce. "Tabon nan da ya samu yana yaro, a kuncin dama yake ko na hagu?"

Na rufe ido ina laluben fuskarsa, sai hula da wuyan riga. Ta jira ni, ta jira, sannan ta shafa inuwar da ɗan yatsa, ta wannan gefe, ta wancan.